Daga Jega zuwa Gajimare: Yadda Ake Shimfiɗa VPN da Amanar da Ke Cikinsa

Yawancin 'yan Najeriya sun fara jin kalmar VPN ne a watan Yunin 2021, lokacin da gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter. Cikin 'yan kwanaki ɗalibai da 'yan jarida da 'yan kasuwa suka sauke manhajojin da ke sa waya ta yi kamar tana Landan alhali tana Birnin Kebbi. Da aka ɗage dakatarwar a Janairun 2022, da yawa suka goge manhajar, kalmar kuma ta zauna a zukata da ma'ana guda, wato dabarar zagaye shinge.

Sai dai VPN ya girmi wannan rikici da fiye da shekara ashirin, kuma aikin da aka ƙirƙire shi dominsa ya fi wannan natsuwa. An yi shi ne domin wurare biyu masu nisa da juna, mallakar mutum ɗaya ko hukuma ɗaya, su riƙa magana ta kan intanet ɗin jama'a kamar suna cikin gida guda. A yau ɗaya daga cikin wuraren biyu yawanci gajimare ne, wato kwamfutocin haya da kamfanoni irin su Amazon da Microsoft da Google suke tarawa a manyan gine-gine suna bayar da su haya awa-awa. Ɗaya wurin kuwa shi ne reshe: shago, ko sito, ko ɗakin shan magani, ko ofishin makaranta, can a bakin iyakar sadarwa inda wuta ke ɗaukewa kuma ƙura ke shiga.

Littattafan da kamfanonin gajimare suke rubutawa kan wannan haɗi suna ɗauka cewa reshen yana da wuta dare da rana, da wayar fayiba, da adireshi nasa na kansa. Wanda zai yi aikin a Jega ko Aliero ko Maiyama ba shi da ko ɗaya daga cikin ukun a matsayin tabbas. Abin da ya rage masa shi ne ya fahimci dalilin kowane mataki, domin wanda ya san dalili ne kaɗai yake iya sauya mataki ba tare da ya rusa ginin ba.

Garuruwa uku, littafi ɗaya

Jega tsohuwar kasuwa ce. A ƙarni na 19 tana cikin manyan cibiyoyin ciniki na ƙasar Gwandu, kuma fatake masu zuwa Gwanja neman goro suna yada zango a cikinta. Har yau mahaɗa ce: hanya ɗaya ta nufi Sakkwato ta bi ta Aliero, ɗaya ta nufi Birnin Kebbi, ɗaya ta yi kudu ta ratsa Maiyama zuwa Koko da Yawuri. Aliero ta yi suna da albasa da masu ɗori, kuma tun 2006 tana da jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha. Maiyama ƙasar noma ce, kamar sauran fadamun Kebbi da shinkafa ta ƙara wa daraja tun da aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Banki a Birnin Kebbi a Nuwambar 2015.

A ɗauki misalin attajiri mai ofishi a Jega, da siton albasa a Aliero, da wurin awon shinkafa a Maiyama. Shekaru da dama lissafinsa yana cikin littattafai uku da yara uku suke riƙewa, sai ƙarshen mako a haɗa su. Ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya tura cinikinsa zuwa tiransfa da na'urar POS, kuɗi suka riƙa shiga da fita da saurin da littafin takarda ba zai iya bi ba. Sai aka ba shi shawarar ya ajiye lissafin a manhaja guda a gajimare, kowane reshe ya riƙa shigar da nasa nan take: buhu nawa ya shigo, nawa ya ruɓe, wane manomi ake bi bashi, wane direba ya tashi zuwa Legas.

Hanya mafi sauƙi ita ce a buɗe manhajar ga duk duniya a sa mata kalmar sirri. Amma duk kwamfutar da aka buɗe wa intanet, ba ta daɗewa kafin na'urorin 'yan kutse su fara ƙwanƙwasa ƙofarta, domin suna yawo ne dare da rana suna gwada kowane adireshi. Hanya ta biyu ita ce a rufe manhajar ruf, a bar mata ƙofa ɗaya tak wadda ba ta buɗewa sai ga rassan nan uku. Wannan ƙofa ita ce VPN.

Fataken da suka bi ta Jega ba su mallaki hanyar Gwanja ba. Sun bi ta ƙasashen sarakuna daban-daban, sun biya kuɗin fito da na garama, abin da ya tsare dukiyarsu kuwa shi ne tsarin ayari: madugu da aka yarda da shi, kaya a ɗaure, da sanin wanda ke ciki da wanda ba ya ciki. VPN ma ba ya gina hanya. Bayanan suna bin turakun MTN ko Airtel ko Glo, su bi fayibar da ta gangara Legas, wataƙila su shiga wayar ƙarƙashin teku. Abin da yake yi shi ne ya ɗaure kayan ta yadda duk wanda suka ratsa ta hannunsa zai ga wucewarsu amma ba zai iya karanta su ko ya sauya su ba. Masana suna kwatanta wannan da bututu da aka shimfiɗa tsakanin wuri biyu.

Adireshi kafin komai

Matakin farko ba ya buƙatar kwamfuta, takarda da biro yake buƙata. Kowace na'ura a kan sadarwa tana da adireshi na lambobi. Tsohon tsarin adireshin, wanda har yau shi ya fi yawa, yana da gurbi kusan biliyan 4.3 ne kacal, adadin da bai kai yawan mutanen duniya ba. Saboda haka tun 1994 aka ware wasu rukunai uku domin amfanin cikin gida, waɗanda suka fara da 10, da wani yanki na 172, da 192.168. Kowa yana iya amfani da su a gidansa, kamar yadda kowane gida yake da ɗakin da ake kira turaka ba tare da an yi rigima a kan sunan ba.

Rigimar tana tasowa ne ranar da aka haɗa gidajen. Rautar da aka sayo daga kasuwa takan zo da 192.168.0 ko 192.168.1, ƙaramar na'urar intanet ta Huawei takan zo da 192.168.8, ta MikroTik kuma da 192.168.88. In aka sayi iri ɗaya aka kai Jega da Aliero da Maiyama, rassa uku za su kasance da adireshi ɗaya. Saƙo ya taso daga gajimare zuwa 192.168.1.10, ba wanda zai iya cewa kwamfutar Jega ake nufi ko ta Maiyama. Bututun zai nuna alamar ya haɗu, amma ba abin da zai wuce yadda ya kamata.

Maganin shi ne a raba gado tun kafin a kunna komai. Jega ta ɗauki 10.10.1, Aliero 10.10.2, Maiyama 10.10.3, kowace da gurbin na'ura 254. Gajimare ya ɗauki rukunin da ya fara da 10.20. A bar lambobi a gaba domin reshen Koko ko na Argungu da ba a buɗe ba tukuna. Wannan aikin minti goma ne a ranar farko. In aka bar shi sai bayan shekara biyu, lokacin da kyamarori da firintoci da na'urorin awo duk sun kafu a kan tsofaffin lambobi, ya zama aikin makonni. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wa zai kira wa?

Bututu yana da baki biyu, kuma dole ɗaya ya san inda zai sami ɗaya. Bakin gajimare ba shi da matsala: kamfanin yana ba shi adireshi na fili wanda ba ya sauyawa. Bakin reshe ne ke da labari.

Saboda ƙarancin adireshin nan, kamfanonin waya ba sa ba kowane layi nasa. Suna tara masu layi da yawa a bayan adireshi ɗaya, kamar gidan haya mai ƙofa guda da ba a rubuta sunan kowa a jikinta ba. Na ciki yana iya fita ya aika saƙo, amsa kuma ta dawo masa, domin mai gadi ya tuna fitarsa. Amma baƙon da ya zo daga waje ba tare da an kira shi ba, ba shi da yadda zai yi ya isa ɗakin. Wanda ya duba rautarsa ya ga adireshinta na waje ya fara da 10, ko yana tsakanin 100.64 da 100.127, to a irin wannan gida yake. Starlink, wanda ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, shi ma haka yake yi wa masu ƙaramin tsari.

Daga nan ƙa'ida ta fito: reshe ne zai riƙa kira, gajimare ya amsa. Zaɓi uku ne a gaban injiniya. Yana iya sayen adireshi tsayayye daga kamfanin sadarwa, in suna sayarwa a garin, da ƙarin kuɗi kowane wata. Yana iya amfani da IPsec, tsarin da manyan kamfanonin gajimare suka fi bayarwa, ya sa reshen ya gabatar da kansa da satifiket na lantarki a maimakon adireshi, in kamfanin ya yarda da haka. Ko kuwa ya yi hayar ƙaramar kwamfuta a gajimaren ya ɗora mata WireGuard, sabon tsari mai sauƙi wanda Jason Donenfeld ya rubuta, aka shigar da shi cikin Linux a Maris 2020. Na ukun ya fi dacewa da layin waya mai yawan sauya adireshi, amma kula da kwamfutar ya koma wuyan mai ita.

Kowanne aka zaɓa, akwai ƙaramin abu da mantawa da shi ke jawo kiran waya da tsakar dare. Mai gadin gidan hayar yana da gajeren tunani: in reshen ya yi shiru na ɗan lokaci, sai ya share sunansa, amsa ta daina shigowa. Saboda haka ake sa rautar ta riƙa aika ɗan ƙaramin saƙo a kai a kai, ko da ba ta da abin faɗa. A WireGuard an saba sa shi kowace daƙiƙa 25.

Sirri a tsakiyar kasuwa

Tambayar da mai dukiya yakan yi a nan tana da ma'ana: “Injiniya, in duk maganar ta hannun kamfanin waya take bi, ta yaya za su yarda da kalmar sirri ba tare da shi ya ji ba?” Amsar ta fito ne a 1976, daga wasu masana biyu a Amurka, Whitfield Diffie da Martin Hellman, kuma ana iya gwada ta da ƙananan lambobi.

Jega da gajimare sun yarda a bainar jama'a da lambobi biyu, 17 da 3. Jega ta zaɓi 4 a ranta ba ta faɗa wa kowa ba. Ta jera 3 sau huɗu tana ninkawa ta sami 81, ta raba da 17, ragowar 13. Ta aika 13. Gajimare ya zaɓi 6 a ransa, ya jera 3 sau shida ya sami 729, ya raba da 17, ragowar 15. Ya aika 15. Yanzu Jega ta ɗauki 15 ɗin da aka aiko mata ta jera shi sau huɗu, ta raba da 17, ragowar 16. Gajimare ya ɗauki 13 ya jera shi sau shida, ya raba da 17, ragowar ita ma 16. Dukansu sun isa ga lamba ɗaya, alhali ba a taɓa furta ta a hanya ba. Mai saurare ya ji 17 da 3 da 13 da 15, amma kafin ya kai ga 16 sai ya gano 4 ko 6. Da ƙananan lambobi zai gano cikin minti ɗaya. A aikin gaske lambobin suna da tsawon da ya haura gurbi 600, ko kuma a yi amfani da wani reshen lissafin mai ƙarfi irin wannan, kuma babu kwamfutar da aka sani a yau da za ta iya komawa baya.

Wannan lamba ta sirri ita ce ake mayarwa mabuɗin zaurancen da ake juya bayanai da shi. A IPsec galibi ana amfani da tsarin AES, wanda Amurka ta amince da shi a 2001. Kuma ana sauya mabuɗin lokaci-lokaci, ta yadda wanda ya sami na yau ba zai karanta na jiya ba.

Lissafin Diffie da Hellman yana da gibi ɗaya: ba ya gaya wa Jega ko da wa take magana. Ɗan damfara yana iya tsayawa a tsakiya ya ƙulla sirri da kowane ɓangare daban. Shi ya sa ake ƙara shaida, ko doguwar kalmar sirri da aka sa wa ɓangarorin biyu tun farko, ko satifiket, ko mabuɗan da aka yi musanya hannu da hannu. Yawancin gazawar ranar farko a nan take faruwa, kuma ba ta da ban mamaki: ɓangare ɗaya ya zaɓi wani nau'in zaurance, ɗayan ya zaɓi wani, ko harafi ɗaya ya kuskure a kalmar sirri, ko katangar tsaro ta toshe ƙofofi masu lamba 500 da 4500 waɗanda IPsec yake gaisawa ta cikinsu. Injiniyan da ya rubuta zaɓin ɓangarorin biyu a jere a takarda ɗaya ya kwatanta su layi-layi ya rage wa kansa wahalar yini guda.

Buhu a cikin buhu

Bututu ya haɗu, alama ta yi kore, amma aiki bai ƙare ba. Sai an gaya wa kowane ɓangare abin da zai zuba a ciki. Rautar Aliero ta san cewa duk abin da ya nufi 10.20 bututu zai bi, gajimare kuma ya san cewa 10.10.2 yana bayan bakin Aliero. In aka yi na farko aka manta na biyu, saƙo zai je amma amsa ba za ta dawo ba. Akwai kuma shawara ta tattali: abin da ya shafi manhajar lissafi kaɗai ya bi bututu, sauran kallon bidiyo da hirar WhatsApp su fita ta hanyarsu, domin kamfanin gajimare yana cajin duk bayanin da ya fita daga wurinsa.

Sannan akwai cutar da ta fi kowace ruɗarwa. Bayanai suna tafiya ne ƙunshi-ƙunshi, kuma mafi yawan hanyoyi ba sa karɓar ƙunshin da ya wuce bayit 1500. VPN yana ɗaukar ƙunshin ya sa shi cikin wani, kamar a sa cikakken buhun albasa cikin wani buhu mai girma ɗaya. Na wajen yana cin wuri, saboda haka dole na cikin ya rage. In ba a rage ba, ƙananan saƙonni suna wucewa lafiya, shafin shiga yana buɗewa, amma da zarar akawu ya nemi rahoton wata sai allo ya tsaya cik. Kowa sai ya ce sabis ne, alhali sabis lafiyarsa lau. WireGuard yakan sa iyakarsa a 1420, a kan layin waya kuma wani lokaci sai an ƙara ragewa. Gyaran layi ɗaya ne a cikin rauta, ga wanda ya san inda zai duba.

Wuta, agogo da hanya ta biyu

Jihar Kebbi tana ƙarƙashin kamfanin rarraba wuta na Kaduna, kuma babu mai shago a garuruwan nan da yake gina lissafinsa a kan cewa wuta za ta kwana. Rauta ba ta cin wuta da yawa, ƙaramin batir da faifan sola guda sun ishe ta. Abin lura shi ne a ware mata nata, kada ta raba inbata da firji da fanka. A kuma ɗaga ta daga ƙasa a wuri mai iska, domin zafin Afrilu a wannan yanki yana haura digiri 40, ƙurar hunturu kuma tana toshe duk wata kafa.

Ɗaukewar wuta tana da wata illa da ba a gani. Yawancin ƙananan rautoci ba su da batirin agogo, in suka mutu suka farfaɗo sai su tashi da tsohuwar kwanan wata. Satifiket yana da ranar farawa da ranar ƙarewa, rautar da take zaton tana shekarun baya za ta ce bai fara aiki ba. WireGuard kuma yana sa lokaci a cikin gaisuwarsa, in ya ga lokacin ya koma baya sai ya ɗauka wani ne yake maimaita tsohon saƙo, ya ƙi amsawa. Saboda haka a tabbata rautar tana saita agogonta daga intanet kai tsaye, ba ta cikin bututun da bai riga ya haɗu ba.

Hanya ɗaya kuma ba ta isa. Amazon yana bayar da bututu biyu a kowane haɗi domin in yana gyara ɗaya ɗayan ya riƙe, amma duka biyun a banza suke in layin reshen guda ne. Layuka biyu na kamfanoni daban sun fi, ko da yake sau da yawa kamfanonin suna haya a kan turke ɗaya, janareta ɗaya. Layin waya da tauraron ɗan'adam sun fi rabuwa da juna. Tarihin kusa ya nuna dalili. A Satumbar 2021 an rufe sadarwar waya a jihar Zamfara baki ɗaya da wasu ƙananan hukumomin Sakkwato da Katsina saboda matsalar tsaro. A ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku guda huɗu suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, harkar banki da intanet ta tangaɗa a Najeriya na kwanaki. Babu saitin VPN da ke maganin irin wannan. Maganin yana cikin manhajar: ta iya karɓar awo da rasit a reshe ko babu sadarwa, ta tura su in hanya ta dawo. Manomin da ya kawo shinkafa Maiyama ba zai kwana a bakin sikeli yana jiran a gyara waya a teku ba.

Ina gajimaren yake?

Sunan yana sa a yi zaton abu ne da ke ko'ina, alhali gini ne mai adireshi. Microsoft ya buɗe cibiyoyinsa na Afirka ta Kudu a 2019, Amazon ya buɗe ta Cape Town a 2020, Google ta Johannesburg a 2024. Amazon ya buɗe ƙaramin reshe a Legas a 2023, ko da yake ba dukan hidimominsa ne ke ciki ba. A gida akwai cibiyoyin ajiyar bayanai irin su Rack Centre a Legas, da Galaxy Backbone na gwamnatin tarayya.

Nisa yana da farashi da ba a ragi a kansa. Haske a cikin fayiba yana tafiyar kimanin kilomita 200 a kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Wayar MainOne daga Legas zuwa Fotugal tana da tsawon kusan kilomita 7,000, zuwa da dawowa kenan kashi 70 cikin dubu, kafin a ƙara tafiyar Jega zuwa Legas. Ga manhajar da ke tambaya sau ɗaya wannan ba komai ba ne. Ga tsohuwar manhajar da ke tambaya sau ɗari kafin ta buɗe shafi guda, daƙiƙa bakwai ne na zaman jira. Kuma wurin da ya fi kusa a taswira ba lallai ne ya fi kusa a waya ba, sai an gwada daga reshen kansa.

Akwai kuɗi. Manyan kamfanonin suna cajin VPN awa-awa, farashinsu kuma a kan dala aka gina shi. Wanda ya tsara kasafinsa a farkon 2023, dala tana ƙasa da naira 500 a farashin hukuma, ya wayi gari a farkon 2024 ta haura 1,500. Akwai kuma doka. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Yunin 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe bayanan mutane nauyin tsare su, ta kuma gindaya sharuɗɗa kafin a fitar da su ƙasar waje. Sunayen manoma da lambobin wayarsu da bashin da ake bin su bayanan mutane ne. Na marasa lafiya a asibiti sun fi wannan nauyi.

Mai riƙe da mabuɗi

A watan Mayun 2021 'yan kutse suka shiga kamfanin Colonial Pipeline, mai babban bututun mai a gabashin Amurka. Aiki ya tsaya kwanaki, gidajen mai suka ƙafe, kamfanin ya biya fansar kusan dala miliyan 4.4. Ba lissafin Diffie da Hellman suka karya ba. Sun shiga ne ta wani tsohon asusun VPN da aka daina amfani da shi ba a rufe ba, da kalmar sirri guda. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Darasin ya shafi Jega kai tsaye, domin bututu ba ya tambayar halin abin da aka zuba masa. In kwamfutar siton Aliero ta kamu da cuta daga filashin da wani ya soka mata, VPN zai kai cutar gajimare a rufe, cikin aminci, kamar yadda yake kai rasit. In aka ba baƙi kalmar Wi-Fi ɗin ofis, an ba su zama a zauren da ƙofarsa ke buɗe zuwa taskar lissafi. Saboda haka ake taƙaita ƙofar: na'urori kaza kaɗai ke shiga bututu, kuma ba sa isa ko'ina sai manhajar da suke buƙata. Reshen Maiyama ba shi da dalilin ganin kwamfutocin Aliero. Kowane reshe da mabuɗinsa, ta yadda in an sace rauta guda a soke nata, sauran su ci gaba.

Mafi wuyar lamarin kuwa ba na na'ura ba ne. A irin wannan kasuwanci mutum ɗaya ne yakan san komai, sau da yawa matashin da ya gama karatu a Aliero, ko mai bautar ƙasa da aka turo na shekara guda. Asusun gajimaren da imel ɗinsa aka buɗe. Layin da ke cikin rautar da lambar NIN ɗinsa aka yi rajista, kuma tun da aka fara tilasta haɗa layi da NIN a Disambar 2020, layin da rajistarsa ta sami matsala ana iya rufe shi, ba kuma mai gyara ta sai mai sunan. Kalmar sirri tana cikin wayarsa. Ranar da ya sami aiki a Abuja, ko aka yi saɓani kan albashi, ko ajali ya zo, attajirin da ke da tirela goma sai ya tarar ba shi da ikon buɗe littafin kansa.

Wannan ba zargi ba ne ga matashin. Shi ma amanar ta yi masa yawa, domin duk naira da ta ɓace a lissafi ido a kansa zai tsaya. Abin da ke kare su duka biyun shi ne a rubuta. Asusu da layuka su kasance da sunan kasuwancin. Tsarin adireshi, da zaɓin zaurance, da ranar da satifiket zai ƙare, da matakan da za a bi in bututu ya yanke, a buga su a takarda. Mabuɗan a sa su a ambulan a rufe a ajiye inda ake ajiye takardun fili. A samu mutum na biyu da ya taɓa kashe rautar ya tayar da ita da hannunsa. Duk wanda ya bar aiki, a sauya mabuɗan a ranar, ko da an rabu ana dariya, kuma a sanar da kowa tun ranar ɗaukarsa cewa haka ƙa'idar take, don kada ta zama cin fuska.

Kasuwar albasa da ta shinkafa sun daɗe suna tafiya a kan magana da sanayya, kuma neman a rubuta abu tsakanin uban gida da yaronsa yakan yi kama da rashin yarda. Injiniyan da ya san aikinsa shi ne yake fara kawo takardar da kansa, tun ba a tambaye shi ba, ya ajiye ta gaban mai dukiya ya ce: “Alhaji, ga mabuɗan. Naka ne, ni riƙo nake yi.”